Matata Ta Yi Kwas, Ni Na Ɗauki Tsani

Gwaggo, ki taimake ni don girman Allah, tun kafin in furta kalmar da zan zo ina cizon yatsa a kanta. Na daɗe ina karanta wannan fili naki a bakin aiki, idan rana ta take motoci sun ɗauke ƙafa. Ina ganin yadda kike warware wa mutane matsala, wasu ma har dariya nake musu, ashe tawa na nan tafe. An ce kishi kumallon mata. To ga ni namiji da gemuna da 'ya'yana, ya taso mini har wuya, na kasa haɗiyewa na kasa amayarwa. Abin kunyar kuma, ba da kowa nake kishin ba sai da matata, uwar 'ya'yana, wadda muke kwana ɗaki ɗaya.

Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye, ban saba rubutu mai tsawo ba. Ni mai gadi ne a wani kamfanin katifa. Na haura shekara goma a ƙofar baya, inda manyan motoci ke shiga da yadi da durom-durom na sinadarai, su fito da katifu. Direbobin nan duk na san su. Na san mai zuwa da yunwa, na san mai zuwa da faɗa, na san wanda zai rantse takardarsa na cikin mota alhali ya baro ta a gida. Daga ƙarar inji nake gane wanda ya iso tun ban leƙa ba. An ce yabon kai jahilci, amma ko zare ɗaya ba a taɓa fitarwa ta ƙofata ba da sata.

Ita kuwa uwar yara da a gida take, tana ɗan ɗinkinta. Da kamfani ya ƙara ɗaukar mata a sashen ɗinka rigar katifa, sai aka ce ana neman mace mai duba jakunkunansu idan an tashi, tunda bai dace namiji ya riƙa lalube jakar mace ba. Ni da ƙafata na je wajen manaja na roƙa mata. Ni na nuna mata yadda ake tsayuwa a ƙofa, da yadda ake riƙe sandar nan mai ƙara da ake shafa wa jaka, da yadda mutum zai ɗaure fuska ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Ranar da za ta fara aiki ni na goge mata takalmi. A lokacin duk abin da na faɗa gyaɗa kai take, tana kallona kamar babu wanda ya kai ni sanin duniya.

Sai bara kamfanin tsaron da muke ƙarƙashinsa ya zo da sabon salo, wai gadi yanzu sana'a ce da sai an yi mata karatu. Za a tura mutane kwas na 'yan watanni, a koya musu kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda ake karɓar baƙo, da aiki da kyamara da rediyon oba-oba, da rubuta rahoto. Aka ce mai so ya ɗaga hannu. Ni dariya na yi, na ce wa aka haifa da zai koya mini buɗe ƙofa da rufe ta? Da muka koma gida sai uwar yara ta nemi izinina, kanta a ƙasa. Na ce ta je mana. A raina na ce fareti za a sa su, su yi ta buga ƙafa a rana, kwana biyu ta gaji ta dawo.

Ba ta gaji ba, Gwaggo. Kuma tun makon farko wani suna ya tare a gidana ba sallama. Sajan. Wai tsohon soja ne, shi ne babban malaminsu. Sajan ya ce kada a ajiye tukunyar gas a bayan ƙofa, aka ɗauke. Sajan ya ce gado ba ya tare taga, na dawo daga aiki na tarar an juya mana ɗaki, har sai da na yi tuntuɓe. Ta sayo ɗan jan tulun nan na kashe gobara ta rataye a kicin. Ta tara yara ta nuna musu gindin bishiyar da za su taru idan wuta ta tashi. Autarmu, wadda ko magana ba ta gama iyawa ba, ta koma tsayawa a bakin ƙofa tana tambayar kowa wa ya zo gani. Har Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ranar da ya zo autar ta tare shi da wannan tambaya. Kowa ya yi dariya ban da shi.

Ni ban taɓa ganin Sajan ɗin nan ba, don a can wani wuri suke karatun. Sai zuciya ta zana mini shi yadda ta ga dama: dogo, mai faffaɗan ƙirji, da gashin baki, yana tafe yana ƙamshin turare. Idan ta ce ya yaba mata a gaban aji, sai in ji shayin da nake sha ya fita kaina. Ranar da ta ce an koya musu yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke, sai da na tambaya ƙirjin wa aka danna. Ta ce na mutum-mutumin roba ne, ta yi ta dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba. Akwai ranar da ta shiga wanka na ɗauki wayarta in ga ko zan samu hotonsa. Babu komai a ciki sai hotunan allo da tulunan kashe gobara iri-iri, na ajiye ina jin haushin kaina ina jin haushinta.

Da aka gama kwas ita ta zo ta ɗaya. Ta dawo da igiya a kafaɗa da oba-oba a ƙugu, aka ɗauke ta daga duba jaka aka kai ta ɗakin kyamara, aka ce ita ce mai kula da masu aikin rana. Ni ma aikin rana nake. Kin ga ke nan matar da a gida ba ta kirana da komai sai Baban yara, yanzu muryarta ce ke fitowa daga rediyon da ke rataye a ƙuguna tana kiran ƙofar baya, ƙofar baya, kamar yadda take kiran kowace ƙofa. Direbobi suna ji. Wani ya ce in yi sauri uwar ɗakina na kira. Wani maras kunya ya ce an daɗe ana jin labarin mijin-ta-ce, yau ga shi an gan shi da yunifom. Na yi ta maza na yi dariya tare da su, amma Allah kaɗai ya san abin da ke cikina.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya.

Ranar da abin ya faru, da safe ta haɗa mini shayi, ta ce in kula da aiki kamar yadda take cewa kullum. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Da tsakar rana, zafi ya ƙwalle, sai ga wani dattijo ya nufo ƙofata a ƙasa, saɓe da dogon tsani, sanye da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikata da wata koɗaɗɗiyar hular kwano. Gajere ne, furfura ta cinye gemunsa, yana ɗan ɗingishi. Ya jingine tsanin yana haki, ya yi mini gaisuwa ta mutunci, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, yana ta kirana ɗana. Ya ce an kira shi ne ya gyara fitilar sito, takardar kuwa abokin aikinsa ya wuce da ita a aljihu, kuma an ce masa ta nan ya fi kusa.

Doka na san ta, ba zan yi miki ƙarya ba. Baƙo ta ƙofar gaba yake shiga, a ba shi kati, a kira wanda ya gayyato shi ya zo ya raka shi. Amma daga ƙofata zuwa ƙofar gaba sai an zagaye katangar kamfanin kaf, a cikin wannan rana, ga tsoho sa'an mahaifina da ƙafa ba lafiya da tsani a kafaɗa. Ni ba haka aka rene ni ba. Na buɗe masa. Ban tsaya nan ba, na ce ya kawo tsanin, na saɓa a kafaɗata, na ce wa wani direba ya duba mini ƙofa, na kai shi har bakin sito inda aka jibge soso har rufi. Da ya fito na ba shi kujerata ya huta, na ba shi ruwan sanyi. Ya sha, ya yi ta sa mini albarka, ya saɓi tsaninsa ya tafi. Yinin ranar raina fari, na yi aikin lada.

Washegari aka tara masu gadi duka a ɗakin cin abinci. Wa zan gani a tsaye a gaba, cikin kaki ya sha guga, sai dattijon nan nawa. Aka ce a tashi a gaida Sajan. Gwaggo, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Mutumin da na yi watanni ina kishi, na ba shi tsawo na ba shi gashin baki, ashe shi na ɗaukar wa tsani har na ba shi ruwa.

Ashe cikin tsarinsu ne su riƙa zuwa a ɓoye suna gwada ƙofofi. Ya fara zuwa ƙofar gaba da labarin nan nasa. Samarin da matata ta yi wa bita suka ba shi kujera a inuwa, su ma suka ba shi ruwa, amma suka ce ba zai wuce ba sai an samu wanda ya kira shi. Shi ne ya zagayo wajena, ya zagaye katangar nan da nake tausaya masa a kanta. A cikin sito ba fitila ya taɓa ba, kwalin ashana ya ɗora a kan soso ya fito abinsa. Aka ɗauko masa kwalin daga siton, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya ce da mugu ne, ƙyastu ɗaya ya isa, ga ɗakin ɗinki cike da mata a manne da siton.

Sannan aka kunna abin da kyamara ta ɗauka. Ga ni nan a allo ina tafe a gaba da tsani, ina waiwaye ina masa murmushi, ina ɗaga wa 'yan dako hannu su ba mu hanya. Wuri ya kaure da dariya, wani har da faɗuwa daga benci. Hannun da ya kunna hoton nan, ya tsayar da shi, ya mayar da shi baya don a sake gani, hannun matata ne. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kalle ni ba. Sajan bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi a duk yawonsa bai taɓa haɗuwa da mai gadi mai kirki irina ba, kuma irinmu mugu ke addu'ar ya tarar a ƙofa. Tun ranar sunana ya koma Mai Tsani. Direba ba zai wuce ba sai ya leƙo ya tambaye ni ko zan taya shi ɗaukar kaya.

Da muka koma gida na tambaye ta ko ta san da zuwansa. Ta ce ta sani, amana ce aka ba ta. Ta ce tana kallona a kyamara tun daga gaisuwar, hannunta a kan rediyo, tana addu'ar in kira in tambaya, ban kira ba. Ta ce bayan ya fita sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka. Da na tambayi maganar hoton, sai ta ce aikinta ne, kuma da ta ƙi za a ce tana rufa wa mijinta asiri. Duk na ji. Kaina ya yarda da rabin maganar, zuciyata ko kwata ba ta karɓa ba.

Na ɗauka ganin Sajan tsoho ne mai ɗingishi zai kashe wutar. Ina! Ƙara ruruwa ta yi. Da saurayi ne, da na san irin kishin da nake yi, kishin da kowane namiji zai gane. Yanzu na fahimci igiyar kafaɗarta nake kishi. Ina kishin yadda manaja ke tsayawa ya saurare ta har ta gama, mutumin da ni ta gilashin mota yake amsa gaisuwata. Ina kishin yadda tafiyarta ma ta canza. Abin da ya fi ci mini rai, kallon nan da take yi mini a da idan ina koya mata abu, na gan shi a idonta ranar taron, amma ba ni take yi wa ba. Ina son ta, Gwaggo, ban taɓa daina son ta ba, amma akwai ranakun da nake fatan ta yi kuskure babba a gaban kowa. Ki duba irin mutumin da na koma.

Ga inda aka tsaya yanzu. Kamfani ya ce duk mai gadin da ba shi da takardar kwas ba za a sabunta masa aiki ba. Za a fara zagaye na biyu, ƙarshen watan nan za a rufe ɗaukar suna. Kuma wadda za ta taya Sajan koyar da darasin ƙofa da baƙi ita ce. Wato in zauna a benci cikin yaran da na girma nesa ba kusa ba, matata a gaban allo, tana koya mini buɗe ƙofa.

Na kai kuka wajen Yaya. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, ni na kai ta, ni zan fitar da ita. Ya ce in umarce ta ta ajiye aikin ta koma kan kekenta, sai in je in yi kwas ɗina kai a sama. Ya ce tun ranar da jaririya ta tare shi a ƙofa ya san gidan ya juye. Na dawo na faɗa mata abin da Yaya ya ce, kamar labari kawai nake ba ta.  Sai ta ce idan na faɗa da bakina za ta cire yunifom ɗin, ba za ta yi mini musu ba.

Tun daga ranar sunan Sajan bai sake shiga gidana ba. Ba ta sake ɗauko zancen aiki ba. Tana girki, tana guga, tana gaishe ni da ladabi, ta yi shiru. Yara ma sun lura, sun rage hayaniya. Na samu abin da nake nema, amma gidan ya koma kamar gidan makoki. Kalmar na nan a bakin harshena. Wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗi cewa har yanzu akwai abu ɗaya da ke hannuna, wani ɓangaren kuma yana jin tsoron abin. Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. In sa ta ajiye aikin, ko in haɗiye girmana in zauna a ajinta? Kuma wannan abu da ke cin ƙirjina, yaya ake kashe shi?

Ɗanki,
Mai Gadin Ƙofar Baya

*

Ɗana Mai Gadin Ƙofar Baya,

Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: kada ka furta. Riƙe harshenka ka karanta sauran.

Ka yafe mini, ni ma na yi dariyar tsanin. Amma ban raina ka ba. Wanda ya rene ka ya yi aiki, kuma mutumin da ba zai iya ganin tsoho a rana da kaya ya kau da kai ba, ba abin kunya ba ne a gidan kowa. Sai dai ka yi kuskure, babba ma, kuma ɗaukar tsanin ne mafi ƙanƙanta a ciki. Ka buɗe wa wanda ba ka sani ba, ka bar ƙofarka a hannun direba, ga rediyo a ƙugunka ba ka taɓa shi ba. Samarin ƙofar gaba sun girmama tsohon nan kamar yadda ka girmama shi, sun ba shi inuwa sun ba shi ruwa, ƙofar ce kawai ba su ba shi ba. Wannan ne abin da ake koyarwa a kwas ɗin da ka yi wa dariya. Shekarunka a ƙofa sun koya maka mutanen da ka sani, ba su koya maka wanda ya zo da shirin yaudara ba.

Yanzu matarka. Shirun da ta yi da safen nan daidai ne, ko da ya yi maka zafi. Da ta raɗa maka, da ka ci jarrabawa da ƙarya, ka ci gaba da buɗe wa duk mai furfura da daɗin baki har ranar da na gaskiyar zai zo. Ita kuma da ta zama mai gadin da ke sakin amana saboda wanda take so, irin kuskurenka ke nan sak. Ka gode Allah da ya ba ka matar da za a ba amana ta riƙe, ko da riƙon zai kai ta kuka a banɗaki.

Amma ban wanke ta tas ba. Da Sajan ya fita ƙofa, gwaji ya ƙare, amanar ma ta ƙare. Tana da yammaci guda da za ta zaunar da kai ta ce gobe ga abin da za ka tarar, ka shirya zuciyarka. Ba ta yi ba, ta bar ka ka shiga taro ido rufe. Hoton ma tana iya neman wani ya kunna, babu mai hankalin da zai zarge ta. Ta ji tsoron bakin mutane har ta manta da fuskar mijinta. Haka nan cika gida da Sajan ya ce, Sajan ya ce, zumuɗin sabon ilimi ne, kowa na yi, amma ya kamata ta tuna wanda ya fara nuna mata tsayuwar ƙofa yana zaune a ɗakin. Waɗannan haƙƙinka ne ka faɗa mata, a natse, da bakinka. Ba wai ka ɗauko maganar Yaya ka ajiye mata a gaba kana leƙen fuskarta ba. Wannan ba halin namijin da ya rubuto mini wasiƙar nan ba ne. Wayarta kuma ka fita harkarta.

Yayanka ka ci gaba da girmama shi, ya riƙe ka, yana kuma magana ne don yana ganin an taɓa ƙaninsa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Auna shawararsa da kyau. Idan ta ajiye aiki, kwas ɗin na nan yana jiranka, Sajan na nan, sunan Mai Tsani na nan. Abin da zai ƙaru kawai shi ne direbobin su samu sabon labari, cewa ga mutumin da ya cire matarsa daga aiki don ta fi shi. Wannan sunan ya fi na tsani wuyar wankewa.

Ga abin da za ka yi. Gobe ka je ka ba da sunanka, kada ka jira ƙarshen wata zuciya ta sake yi maka huɗuba. Gemu ba ya hana ilimi. Ka samu Sajan a keɓe, ka nemi idan an zo auna ƙwazonka wani ya auna, ba ita ba. Adalci ne a gare ku duka biyu, in ka ci ba mai cewa an ɗaga maka ƙafa, in ka faɗi ba za ka dawo gida da ita a zuciya ba. Ku kuma je tare ku tambayi kamfani ko za a raba muku lokacin aiki bayan an gama. Miji da mata ɗaya na duba ɗaya kaya ne mai nauyi ko da babu kishi, neman sauƙinsa ba gazawa ba ce. Sunan da aka laƙa maka kuwa, amsa shi. Ranar farko a aji, kafin wani ya ɗauko labarin, kai ka ba da shi da bakinka, har da ruwan sanyin. Abin da mutum ya riga kowa yi wa dariya ba ya daɗewa a bakin 'yan tsokana.

Ka tambayi yadda ake kashe abin da ke cin ƙirjinka. Ba ya mutuwa rana ɗaya, kada wani ya ruɗe ka. Amma wanda ya iya kallon zuciyarsa ya ce ina yi wa matata fatan kuskure, ya ji kunyar hakan, ya ci rabin tafiya. Kallon nan da kake kewa bai ɓata ba. A da tana yi maka shi don ka fi ta sani. Akwai wani da ya fi shi tsada, wanda mace ke yi wa mijin da ta san yana da ikon danne ta, ya ƙi.

Shirun da ya cika gidanku kuwa, ɗanɗano ne aka ba ka na abin da za ka samu idan ka furta kalmar. Wannan na 'yan kwanaki ne ka kasa jurewa, wancan na shekaru ne. Za ta bi umarninka kamar yadda ta ce, za ta yi girki ta yi guga ta gaishe ka, kai kuma ka ƙare rayuwarka kana gadin fuskarta kana neman abin da ka kashe da hannunka, gadin da babu mai zuwa ya karɓe ka. Ba don aikin bai dame ta ba ta ajiye hukunci a hannunka. Ta nuna maka ne ka fi mata aikin, ita ta riga ta yi nata. Saura kai. Yau idan kun koma gida, tun ba ta cire takalmi ba, ka faɗa mata cewa ba inda za ta, kuma za ta gan ka a benci. Sannan ka tambaye ta yaya aiki, ka zauna ka saurara har ta kai aya.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya buɗe maka kai a karatu, ya dawo da hayaniya gidanka.

Taka,
Gwaggo